Baƙuwar wa ce ke?

Inna, barka da war haka. Ni malama ce a wata jami'a, haifaffiyar Kaduna, shekaruna 31, ban yi aure ba tukuna. Ina karatun digiri na uku, bincikena kuma a kan yadda ciyawar kacala take cutar da manoman shinkafa da masunta a fadamun ƙasar Haɗejiya. Wata shida aka ba ni, yau ina cikin sati na bakwai.

Na kama ɗaki a wani gari kusa da Haɗejiya, a gidan wata Hajiya da mijinta ya rasu. Kullum da hantsi mai mashin yake kai ni ƙauyuka, ina riƙe da takardar jami'a da ta ƙaramar hukuma da fom ɗin tambayoyi guda 300. Zuwa yau 38 na cika. Wasu su ce sai maigari ya dawo. Wasu tambayarsu ta farko ita ce nawa za a bayar, in na ce ba tallafi ba ne sai su watse. Wani dattijo ya ce min an sha zuwa ana rubuta sunayensu, ko kwanon taki ba su gani ba. Waɗanda suka amsa ma na san ba gaskiya suke faɗa min ba, mai gona biyar sai ya ce ɗaya gare shi.

Ga sauro, ga rashin wuta, ga kaɗaici da dare. Hajiyar kuma ta dame ni. Kullum sai ta aiko jikarta da tuwo ko da na ce na ƙoshi, in na fito ta tsare ni da tambaya: 'yar waye, me nake rubutawa, me ya hana ni aure. Yanzu da wuri nake rufe ƙofa. Wata ƙawata ta ce ko dai in riƙa ba kowa ɗari biyar, ko in zauna a ɗaki in cike sauran da kaina, wai kowa haka yake yi. Ni kuwa tunanin komawa gida nake. Bahaushiya ce ni, Inna, ban zaci zan zama baƙuwa a ƙasar Hausa ba. Yaya zan yi?

'Yarki, daga ƙasar Haɗejiya

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi jagora.

Bari in fara kawar da shawarar ƙawarki gefe, kada ta tsaya mana a tsakani. Fom ɗin da kika cike da kanki a ɗaki ƙarya ne ko da ba wanda ya kama ki, kuma ba ke kaɗai ƙaryar za ta ci ba. Gobe wani jami'i a Dutse ko Abuja zai ɗaga kundinki ya ce ga abin da bincike ya nuna, ya yanke hukunci a kan ruwa da gonakin mutanen da ba ki taɓa zama da su ba. Na san waɗanda suka yi haka, na kuma ga yadda suke sauya zance in an tambaye su hanyar ƙauye ɗaya daga cikin waɗanda suka ce sun je. Wannan maganar ta mutu. Ta ɗari biyar kuwa za mu zo kanta.

Abin da ya tsaya min a wasiƙarki shi ne Hajiya. Kin jera ta tare da sauro da rashin wuta, alhali a duk abin da kika lissafa ita kaɗai ce ta buɗe miki ƙofa, ke kuma kina rufewa da wuri.

A Kaduna mutum yakan shekara a gidan haya bai san sunan na ɗakin kusa ba, ya biya kuɗinsa ya sa kwaɗonsa, ba wanda zai ga laifinsa. A garin da kike ba a san wannan zaman ba. Duk wanda ya sauka, abin da ake fara tambaya a bayan idonsa shi ne, baƙon wa ne? Je ki kasuwar Maigatari ranar Alhamis ki gani: mutumin da ya koro shanu daga Nijar ba ya shiga ciniki sai da fatoma ko dillalin da zai tsaya masa, wanda in saniyar ta zama ta sata shi za a kama. Almajiri yana da malaminsa. Amarya da aka kawo daga wani gari ana damƙa ta a hannun wata babba a gidan. Ke takardunki biyu sun nuna hukuma ta san da zuwanki, amma ba su faɗa wa manomi wanda zai kai wa ƙara ba idan maganar da ya gaya miki ta dawo ta cije shi. Jami'a ba ta da zaure. Ba a zuwa gaishe ta, ba a jin kunyarta.

Su kuwa tambayoyin da Hajiya take tsare ki da su, ita ake yi wa su. A gidan suna, a wurin ta'aziyya, a bakin famfo, ana ce mata, wace ce wannan ta gidanki mai yawo a kan mashin da jaka? In amsarta ita ce, "Wallahi ban sani ba, ko tuwona ba ta ci," to wannan amsar ta riga ki isa ƙauyukan da kike zuwa, domin 'yarta tana aure a can, ƙanin mijinta yana noma a can, mai mashin ɗinki ma da bakinsa yake tafe. Ki ba ta abin da za ta faɗa. Ki zauna a tabarmarta bayan isha'i, ki ce mata ga sunan mahaifinki, ga asalinku, ga unguwarku, ga abin da kike rubutawa, da Hausar da za ta iya maimaitawa: ciyawar nan da ta toshe ruwa ta cinye gonaki, ita nake so in rubuta yadda ta yi wa mutane. Sannan ki yi abin da na tabbata ba ki yi ba, ki sa mahaifiyarki ta kira ta a waya, su gaisa, ta ce mata ga amanar 'yata nan. Minti biyar ne, amma daga ranar kin tashi daga 'yar haya kin koma 'yar gida, kuma duk wanda ya taɓa ki ita ya taɓa.

Tuwon kuma ki ci. In ya yi miki nauyi ki ci loma uku ki ba yara sauran, ba a dai mayar da shi yadda ya zo. Kwanon kada ya koma fanko kullum: yau 'yan dabino, jibi sabulu, ranar kasuwa kifi. Maganar aure ba ta buƙatar dogon bayani, "Hajiya, a taya ni da addu'a" ta isa, za ta ce Allah ya kawo nagari, ku wuce wurin. Za ta sake tambaya bayan kwana uku. Ki sake ba ta amsar.

Ni ma na sha irin taki. Ina ƙaramar malamar gona, tun Jigawa tana cikin Kano, kafin a cire ta a 1991, aka tura mu wani ƙauye a gabas mu ƙidaya awakin mata. Muka shiga da motar gwamnati, da direba mai kaki, da babban littafi. Gida goma muka shiga, akuya huɗu muka gani, ga kashinsu ko'ina a tsakar gida, ga turaku babu komai. Sai da na yi kwana tara a ɗakin wata tsohuwa, muna cin tuwo kwano ɗaya, sannan wata rana da asuba na ji kuka ta ko'ina, ashe an dawo da su daga bayan gari inda yara suke tsare da su. Tsohuwar ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce, "Yarinya, wanda ya zo da littafi ai bai taɓa tafiya hannu banza ba."

Ki riƙe maganar nan tata, don ita ce tarihin da kike takawa ba ki sani ba. Shekara da shekaru, baƙo mai rubuta suna da ƙirga dukiya mai haraji ne ko mai jangali. Sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar jihar Kano, kuma dattawan da kike tarar da su a gindin bishiya da wayonsu aka yi. Daga baya aka zo da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin waje ya yi a kan yara a Kano a 1996, wanda ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003. Sannan zamanin tallafi ya zo, rubuta suna ya koma alamar za a raba wani abu, an rubuta na ambaliya, an rubuta na taki, wasu sun samu, da yawa ba su samu ba. To mutum ya ga fom a hannunki, ko dai za a karɓa ne ya rage dukiyarsa, ko za a bayar ne ya ƙara talaucinsa. Ta kowace fuska gona biyar ɗaya za ta koma. Dattijon da ya yi miki ƙorafin taki ya yi miki alheri, shi kaɗai ne ya faɗa miki abin da sauran suke tunani.

Saboda haka ki sake shiga, ta ƙofa wannan karon. Takardar ƙaramar hukuma tana da amfaninta, ki adana ta, amma a ƙauye hanya daga hakimi take bi ta sauka kan dagaci ko bulama, ta sauka kan mai unguwa. Masarautar Haɗejiya ƙananan hukumomi takwas ta ƙunsa, Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Kirikasamma da Guri, kuma kowane ƙauye a cikinsu ya san hakiminsa. Ki roƙi Hajiya ta haɗa ki da wani namiji babba a danginta ya raka ki gaisuwa. Ranar ba fom, ba jaka, ba tambaya. Ki sa mayafinki babba, ki cire takalmi, ki durƙusa ki gaisa, ki ajiye goro, ki bari wanda ya rako ki ya yi bayani. Abu ɗaya za ki roƙa, a haɗa ki da ɗan rakiya zuwa wurin dagatai, kuma dagaci ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a, in da hali bayan sallar Juma'a, cewa wannan ɗalibar ilimi ce, ba ta raba komai, ba ta karɓar komai, wanda ya ga dama ya yi magana da ita, wanda bai ga dama ba babu laifi. Kalmar ɗaliba ki riƙe ta da kyau. Mutanenmu suna da wurin da suke ajiye mai neman ilimi, sun san haƙƙinsa, sun saba ciyar da shi. Kalmar bincike kuwa, a kunnen mutumin ƙauye, aikin 'yan sanda ne.

Tunda masunta suna cikin aikinki, sarkin ruwa yana da gaisuwarsa daban, sarkin noma ma haka. In kin tsallake su, mutanensu za su amsa miki da baki ɗaya kamar an koya musu.

Sai lokacin da kike zuwa. Kin ce da hantsi. 'Yata, wa kike sa ran tararwa a gari da hantsi a ƙarshen damina? Mai gona yana gona, mai koma yana ruwa tun asuba. Waɗanda suka rage a inuwa su ne masu tambayar nawa za a bayar. Lokacin hira bayan la'asar ne, ko kuma ki bi mutum gonarsa, wanda ya fi. A bakin gona ba sai kin tambayi eka nawa kacala ta ci ba, zai nuna miki da hannu: daga wancan gawon zuwa wancan tudun duk shinkafa ce a zamanin babana. Ki tambaye shi yaushe ta fara, ki yi shiru. Ke kin karanta cewa tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗejiya ya daina zuwa da ƙarfi ya janye da rani kamar da, ya koma kwanciya duk shekara, kacala kuwa abin da take so ke nan, ta cika hanyoyin ruwa irin na Marma, ruwan ya rasa mafita ya bi gonaki, tsuntsu jan-baki kuma ya samu wurin kwana ya sauka a kan shinkafa da gero. Shi bai karanta ba, amma zai faɗa miki shekarar da ya daina shuka wace gona, da wanda ya bar gari saboda haka, da ranar da suka yi gayya suka shiga ruwa da lauje. Kada ki yi masa lacca. Abin da ya fi ba manomi haushi shi ne yarinya daga birni ta zo tana gaya masa sunan ciyawarsa da Turanci.

Fom ɗin kansa ina zarginsa. Ban gan shi ba, amma na san irinsu, a ofis ake rubuta su da Turanci a juye su Hausa. Shafin farko suna, shekaru, mata nawa, 'ya'ya nawa, gona nawa, shanu nawa, nawa kake samu a wata. Duk abin da Bahaushe ba ya faɗa wa baƙo an tara shi a shafi ɗaya, kuma shi aka sa a gaba. Mutum ba ya ƙirga 'ya'yansa a bainar jama'a, yana tsoron baki. Mace ba za ta faɗi sunan mijinta ba, da yawa ba za su ambaci ɗan fari ba. Bafulatani ka tambaye shi shanunsa nawa, ka gama hira da shi. Manomi kuma ba ya samu a wata, a kaka yake samu, kuma da dami da buhu da kwano yake lissafi. Ki mayar da waɗannan ƙarshe, wasu ki zubar da su in aikinki zai tsaya ba su. Sunan mutum me za ki yi da shi? Ki sa lamba, ki gaya masa ba ki rubuta sunansa ba, ki nuna masa takardar. Ki fara da ruwa da ciyawa da tsuntsu, abin da kowa yake da cikinsa a kai. In kina son sanin amfanin gona, tambayi bara da bana, wanne ya fi, da buhu nawa. Kuma kada ki yi wa mutum tambayar dukiya mutum goma suna tsaye a kansa. Waya kuwa ba a kunna ta a ɗauki murya ko hoto sai an nemi izini a fili, in ya ce a'a ki mayar da ita jaka ya gani.

Ki rubuta wa malamin da yake duba aikinki tun yanzu, ki faɗa masa gaskiyar 38 ɗin nan, da shakkar da kike da ita a kansu, da canjin da kike so ki yi. Wataƙila ku rage adadin ku ƙara zurfin hira. Malami nagari ya fi son jin wannan a wata na biyu da ya ji shi a wata na shida.

To, ɗari biyar. In kika biya kuɗi a kan kowace amsa, gobe za ki tarar da layi, har wanda bai taɓa riƙe fartanya ba zai zama manomin shinkafa, kuma kowa zai faɗa miki abin da yake zaton kin biya don ki ji. Kin kuma ɓata wa duk ɗalibin da zai zo bayanki, wanda ba shi da ɗari biyar ɗin. Amma kada ki fake da wannan ki zama marowaciya. Wanda ya bar aikinsa ya yini yana zagayawa da ke a gona ko ya tuƙa ki a kwale-kwale, lada ne da shi, ki biya shi kamar yadda ake biyan yinin ƙwadago a garin. Ɗan rakiyarki ki yanka masa albashi tun farko, ku yi magana a gaban shaida. In an yi haihuwa ki kai sabulu da 'yar atamfa in da hali, in an yi rasuwa ki ajiye aikin ranar ki je ki zauna, in ana biki ki yi gudummawa daidai ƙarfinki. Wannan kuɗin zai iya fin na ƙawarki yawa ma, sai dai shi zumunci yake saya miki. Abin da na hana ki da babbar murya shi ne alkawari. Kada ki ce za ki kai kukansu gwamnati a zo a cire kacala. Ki ce za ki rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗa, iyakar ikonki ke nan.

Wajen ɗan rakiya ki buɗe ido. Na farkon da zai manne miki, mai 'yar Turanci da sabuwar waya, sau da yawa yaron wani ɗan siyasa ne, kuma rabin gari ba sa magana a gabansa. Tambayi Hajiya, tambayi liman, in suna ɗaya ya fito daga bakin biyun to shi ne. Malamin firamare ko malamin gona na yankin yakan yi daidai. In aikinki ya kai ki Guri ko Kirikasamma ko Birniwa, za ki haɗu da Badawa da Mangawa da Fulani, kusan kowa yana jin Hausa, amma tsofaffin mata sukan fi sakewa da harshensu, mai rakiyar da yake ji ya fi.

Kasancewarki mace, da kike gani kamar cikas, gata ne da abokan karatunki maza ba su da shi. Su iyakarsu zaure. Ke za ki zauna a zaure da maigida, ki kuma ɗaga labule ki shiga ciki, inda ake turara shinkafa ana shanya ta, ana banda kifi, ana zuba adashi. Matan nan sun san farashin kwanon shanshera a kowane wata, sun san shekarar da maigida ya sayar da akuyarsu don gona ta nutse. Rabin labarin kacala yana cikin gida, kuma ban ga alamar fom ɗinki ya san da shi ba.

Ga wani abu da ba a rubuta miki a takardar izini ba. Kaka tana shigowa, ruwa zai fara janyewa, shanu za su gangaro fadama, kuma a wannan yankin lokacin ne ake samun saɓani tsakanin manoma da makiyaya, wani lokacin har da asarar rai. Kacalar da ta ci gona ta ci wurin kiwo da mashaya, kowa ya matsu. Ki je ki gaida arɗo kamar yadda kika gaida bulama, ki ji nasu. Abin da wani ɓangare ya faɗa miki kada ya fita daga bakinki a ɗaya ɓangaren, ko da wasa. Ranar da aka ce miki yau kada ki bi hanya kaza, kada ki tambayi dalili, ki fasa.

Lafiyarki a taƙaice: gidan sauro kowane dare, zazzaɓi in ya zo a yi gwaji kafin a sha magani, kada ki shiga ruwan da yake kwance da ƙafa don tsargiya, kada ki hau kwale-kwalen da aka cika ko da an ce saura ke kaɗai, ki sayi rigar ruwa ki bar masu dariya su yi. Magariba ta same ki a gida. Ƙaramar sola mai fitila da caji za ta raba ki da rabin ɓacin ran wuta. Ki sayi bargo kafin hunturu, sanyin bakin fadama ba irin na Kaduna ba ne.

Kaɗaicin kuwa gaskiya ne, ba zan ce miki ba komai ba. Amma ina zaton kina ciyar da shi da waya, kina kwance kina kallon bikin ƙawaye a Instagram har sha biyu. Ki nemi Islamiyyar matan aure ta unguwar ki riƙa zama, ko kin fi malamar karatu, a nan za ki san matan gari da sunayensu. In kin yi marmarin masu irin hirarki, Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, kwalejin Binyaminu Usman tana cikin Haɗejiya, ki je ki gabatar da kanki a sashen da ya shafi aikinki, ba za ki rasa wanda ya taka fadamun nan shekara da shekaru ba, wataƙila ma ɗalibarsa 'yar ɗaya daga ƙauyukanki ce. Ranar Lahadi ɗaya ki bi masu zuwa Gujungu ki sha kallon kasuwa ba tare da biro ba. In sanyi ya shigo ki sa a kai ki Baturiya ki ga tsuntsayen da suke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a nan, baƙi ne su ma, ba wanda ya tambaye su takarda. Gida kuma ki je sau ɗaya a wata ko wata biyu, ki yi sallama da Hajiya kafin ki tafi, ki dawo mata da tsaraba. Zuwa kowane sati yana mayar da ke baƙuwa sabuwa duk Litinin.

Kin ce ba ki zaci za ki zama baƙuwa a ƙasar Hausa ba. Harshe ɗaya ne ya ruɗe ki. Baturen da ya zo ya san bai san komai ba, sai ya zauna ya koya, mutane kuma su yi masa uzuri. Akwai wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi fiye da shekara goma yana komawa wani ƙauye mai suna Dagaceri a can wajen Birniwa, yana ganin yadda suke fama da fari. Abin da ya sani game da su komawar ce ta ba shi. Ke kuwa da yake kin iya gaisuwa, sai kika ɗauka kin iya garin, su kuma ba za su yi miki uzurin da suke yi wa Bature ba, za su ce 'yar Hausa ce, ta sani, raini ne. Nauyinki ya fi nasa ta nan. Ta wani wajen kuma ya fi sauƙi, don shi ba shi da uwar da za ta kira Hajiya.

Kada ki koma gida yanzu. Ki ajiye fom sati biyu cur, ki yi gaishe-gaishen nan, ki bi mutane gona da ruwa da ɗan littafi a jaka, ki rubuta abin da kika ji da dare. Za ki ga kamar kina ɓata lokaci, ga wata shida yana gudu. Ki daure. Kuma tun yanzu ki ware kuɗin mota na dawowa bayan kin gama, ki zo ki zauna a zauren dagaci ki karanta musu abin da kika samu da Hausa, ki wanko hotunan da kika ɗauka ki ba masu su. Dattijon nan mai maganar taki shi za ki fara nema.

Yau dai in yarinyar ta kawo tuwo, karɓi kwanon ki bi ta da shi zuwa ɗakin kakarta, ki ce kin gaji da ci ke kaɗai. In an kwana biyu ki rubuto min, ina so in ji abin da Hajiya ta ce da mahaifiyarki a waya.

Innarki